Baba Zurfi da Mai Tagumi

Baba Zurfi ya shekara arba'in da ɗoriya yana haƙa rijiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, kuma ko a tsakar gida yake magana sai ya ɗaga kai sama, don ya saba da yi wa mutane magana daga cikin rami. Sunan ma a bakin aiki ya same shi. Duk sa'ad da mai gida ya leƙo ya ce, "To, an kusa?" amsarsa ɗaya ce: "Da saura, sai an ƙara zurfi." Tun ana faɗa don tsokana har ya bi shi, har jikokinsa suka taso ba su san wani suna ba sai shi.

Wurin kawunsa ya koyi sana'ar, amma da yayansa ya yi ta. Shi ne mai shiga ciki da diga da dagi, yayan kuwa yana sama yana jan bokitin ƙasa. Yaya mutum ne mai yawan magana da yawan tsoro, ko tsani ba ya son hawa, shi ya sa rabon aikin ya yi musu daidai. Baba Zurfi ya san ƙasa hawa-hawa kamar yadda mai ɗinki ya san yadi. Ya san jar ƙasa da marmara, ya san farar laka mai santsi, ya san yashin da ke zuwa gab da ruwa, wanda in ya gan shi sai ya ce a sauko masa da igiya ta biyu. Yakan ɗan lashi ƙasar ya tofar, ya ce ruwan nan zai yi daɗi ko zai yi zartsi, kuma ba kasafai yake kuskure ba.

Wata shekara da rani, tun yana da ƙarfinsa, wani kafinta ya kira su su haƙa masa rijiya a sabon gidansa da ke bayan gari, kusa da wata ƙatuwar tsamiya. Sun wuce jar ƙasa ke nan sai ya tarar da wani baƙin layi ya ratsa bangon ramin, kamar an taɓa hura wuta a wurin. Ya ɗaga diga zai sara, sai ya ga wani abu mai kama da gwiwar mutum ya leƙo. Ya ajiye digar, ya sa yatsu ya yi ta tono har abin ya faɗo masa a hannu.

Mutum-mutumi ne, bai kai kamu ɗaya ba. Wani mutum ne a zaune, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗaya, ya ɗora gwiwar hannu a kai ya zuba tagumi. Kunnensa na hagu ya gutsure. Fuskar ba ta kuka ba ce, ba ta dariya ba, irin ta wanda ya daɗe yana jiran wani ce.

Da aka jawo shi sama cikin bokiti, Yaya ya yi tsalle gefe.

"Mayar da shi inda ka same shi! Mu ruwa aka ce mu nemo, ba mutane ba."

Kafintan ma ya juya shi sau ɗaya ya miƙo. "Ni dai kar ya kwana a gidana. In kana so ka ɗauka."

Baba Zurfi ya naɗe shi a rigarsa ya tafi da shi gida. Shi kansa bai san dalili ba. Abin da yakan ce daga baya shi ne, ya ga bai dace ba a fito da mutum daga irin wannan zurfin sannan a jefar da shi a juji.

Matarsa, wadda kowa a gidan ke ce wa Inna, ta dubi abin ta dubi mijinta.

"Malam, gidan nan cike yake da masu cin abinci, shi ne ka ƙaro mana?"

"Wannan ai ba ya ci."

"To shi ne kaɗai zan yi shiri da shi."

Yara suka sa masa suna Mai Tagumi, ya zama ɗan gida. Ya tare ƙofar ɗaki kar iska ta buga ta, ya danne takardun makaranta, 'yan mata sun goya shi da ɗankwali. In wani yaro ya yi fushi ya koma lungu, sai a ce, "Matsa wa Mai Tagumi, ya samu abokin zama." Kowa da abin da yake cewa game da shi. Baba Zurfi ya ce dutse ne aka sassaƙa, don nauyinsa da taurinsa. Yaya ya dage ƙarfe ne ya yi tsatsa. Wani maƙwabci direban babbar mota ya ce ya ga irinsa a kantunan bakin teku, abin wasan yaran masu kuɗi ne aka yar. Ba wanda ya taɓa ɗaukar gardamar da zafi.

Shekaru suka tafi. Motocin haƙa burtsatse suka shigo, aikin da su Baba Zurfi ke yi a wata guda su yi shi a yini. Ya koma yasar tsofaffin rijiyoyi da gyaran bakinsu. Yaya ya rasu. Gwiwoyi suka fara ƙin lanƙwasa, tari ya kama shi duk lokacin sanyi, 'ya'yansa suka taru suka ɓoye igiyarsa. Bai yi faɗa ba. Ya sa kujera a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, Mai Tagumi kuma ya ƙare a saman kabad ɗin Inna, tsakanin tsohuwar fitila da kwanon maɓallai.

Autarsu malamar firamare ce. Wata rana ta raka 'yan ajinta gidan adana kayan tarihi, ta dawo ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi kabad.

"Baba, na ga 'yan'uwan Mai Tagumi a cikin gilashi."

"Suna lafiya?"

"Da gaske nake. Akwai wata malama a wurin, ta ce in kawo shi ta gani. Ba ka so ka san shekarunsa?"

Ya taɓa tambayar kansa wannan, sau da yawa ma, musamman tun da zama ya yi yawa. Amma bai taɓa zaton akwai wanda za a je a tambaya ba. Washegari ya sa rigarsa mai kyau, Inna ta naɗe musu Mai Tagumi a tawul, suka hau mota.

Ofishin Malamar yana bayan ginin, ɗaki ne mai dogon tebur da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da akwatunan kwali jere har rufi. Ita kanta siririya ce mai furfura a gaban goshi. Ta miƙe ta ba shi kujerarta, ta sa safar hannu kafin ta buɗe tawul ɗin. Baba Zurfi ya tuna yadda jikokinsa ke jan abin nan a ƙasa da igiya, ya kawar da kai.

Ta daɗe tana kallo. Ta juya shi, ta ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ta kara a kunne.

"Baba, kai me kake ganin an yi shi da shi?"

"Dutse."

"Zo ka duba nan."

Ta haska fitila a kunnen da ya gutsure, ta miƙa masa madubi mai ƙara girma. Ya sa ido. Cikin gutsuren ja ne a baki-baki, toka-toka a tsakiya, ga ƙananan tsakuwoyi da wasu ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a ciki.

"Yumɓu ne," in ji shi a hankali. "An gasa shi."

"An gasa shi ƙwarai, shi ya sa ya yi tauri haka. Kuma ba cushe yake ba."

Ta kwantar da shi, ta sa wani siririn tsinke a gindinsa tana ƙwaƙulowa. Ƙasa ta fara zubowa a kan farar takarda, sai ga rami ya buɗe. Nauyin da suka yi shekaru suna cewa na dutse ne, ashe rabinsa ƙasar rijiyar kafinta ce. Ta haska ciki ta ce ya leƙa. A bangon ramin akwai sawun yatsu uku, inda maginin ya tokare yumɓun daga ciki yana gyara waje.

Baba Zurfi ya ɗago yana girgiza kai. "Ni da na ƙare rayuwata a cikin ƙasa, yau ƙasa ta zauna a gidana ban gane ta ba."

"Ai ba ka taɓa ganin cikinsa ba," in ji Malamar. "Ni ma sai da na leƙa."

Game da shekaru, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce yumɓu yana fara ƙirga kwanakinsa ne daga ranar da ya fito daga wuta, kuma akwai ɗakin gwaji da ke iya karanta wannan ƙirga in aka ba su ɗan gari kaɗan. Ya yarda. Ta sa ƙaramin inji ta ɗebi abin da bai kai cikin farce ba daga gindin, ta ce su saurare ta.

Sai da damina ta faɗi sannan ta kira. Wannan karon Inna ta ce ita ma za ta, ta gaji da jin labari a bakin mutane. Malamar ta gaishe su, ta zauna.

"Baba, amsar da ta zo ba ta yi mini daɗi ba. Gwajin ya ce shekararsa talatin, ko ƙasa da haka kaɗan."

Auta ta dubi mahaifinta. Ita kanta ta wuce talatin, kuma tun tana rarrafe Mai Tagumi yake gidansu. Baba Zurfi ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon ƙasan tebur. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kada matar nan ta ɗauka ya ɗauko abin kasuwa ya zo yana mata tatsuniya, ga Yaya da zai shaide shi ba ya duniya.

"Malama, da hannuna na ciro shi. Ba a haifi yarinyar nan ba."

"Ban ce ka faɗi ba daidai ba, Baba. Tambaya ɗaya zan yi. Tun da ya zo gidanku, ya taɓa shiga wuta? Don in ya sake shiga, tsohuwar ƙirgar ta goge, sabuwa ya fara."

"Wuta kuma? Ina! Me zai kai shi?"

Inna ta gyara mayafinta ta yi gyaran murya.

"Ya shiga."

Duk suka juyo.

"Shekarar da kuka tafi aikin nan mai nisa kai da Yaya, kuka yi wata da watanni. Dutsen murhuna ɗaya ya fashe. Na duba gidan kaf ban ga abin da ya yi daidai da tsayin sauran biyun ba sai shi. Na kifa shi, na ɗora tukunya. Har kuka dawo shi ke riƙe da ita."

"Uwar yara! Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambaya? Na wanke shi tas da toka na mayar. Kuma in gaya maka, ya fi sauran biyun haƙuri."

Malamar ta cire tabarau tana dariya har da hawaye. Auta ta rufe fuska da tafin hannu. Baba Zurfi ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa, don shi ma ya ci abin da aka dafa a kan Mai Tagumi ranar da suka dawo.

"To shi ke nan, an goge masa shekaru?"

"A jikinsa an goge," in ji Malamar. "Saura ƙasar da ya kwanta a ciki. In ka iya kai ni bakin rijiyar, ka nuna mini daidai inda ka same shi, wataƙila ita ta faɗa mana."

Ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Bai zo da sauƙi ba. Bayan garin da ya sani ya zama tsakiyar gari. Tsamiyar babu ita, inda yake zaton take an yi gidan mai. Ya kai su wani gida da tabbaci, aka buɗe musu, ashe rijiyar ciki wani ne ya haƙa, har ya tsaya yana kushe aikin. Suka yi ta zagaye cikin rana, Auta riƙe da lema, Malamar tana bin su ba ta gajiya. Daga ƙarshe wani tsohon wanzami da ke aski a gindin katanga ya ce ya san kafintan, ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun sayar wa wata mai ɗinki, ga gidan can mai koren ƙyaure.

Mai ɗinkin mace ce mai fara'a, kekuna uku a barandarta, tsummokin yadi ko'ina. Ta ɗage musu murfin ƙarfen da ke kan rijiyar. Baba Zurfi ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa, ya jira idonsa ya saba da duhun. Ga matakan da yake sassaƙawa a bango don sa ƙafa, na hagu ya ɗan fi na dama tsayi, yadda ya saba yi saboda ƙafarsa ɗaya da ta taɓa karyewa.

"Tawa ce," ya ce.

An ɗauki lokaci kafin a sami izini, amma da rani ya shigo Malamar ta zo da mutanenta suka ja igiya a kusurwar tsakar gidan, ɗan nesa da rijiyar. Aka ajiye wa Baba Zurfi kujera a inuwa. Ranar farko ya kasa zama. Ya ga ƙarti majiya ƙarfi sun tsuguna suna kankare ƙasa da abu kamar cokali, suna sharewa da buroshi, suna tankaɗe ta kamar gari.

"Malama, a haka jikokina ne za su ga ƙarshen ramin nan."

"Kai ruwa kake nema, Baba, shi ya sa kake sauri. Mu abin da kake zubarwa muke nema."

Ya ce mata sai sun yi gaba huɗu kafin su ga baƙin layin. Ba su cika gaba uku ba ya bayyana. Ya ce lallai an kwashe ƙasar sama lokacin gini. Inna da ta ji labari ta ce ba ƙasa aka kwashe ba, shekaru ne suka ƙara wa ramin zurfi a bakinsa. Amma jerin ƙasar bai saɓa ba ko kaɗan, yadda ya lissafa mata tun a ofis haka suka tarar: jar ƙasa, siririn yashi, sannan baƙin. A cikinsa suka sami gawayi, da fasassun tukwane, da dutsen niƙa rabi. Wani mutum-mutumin dai ba su samu ba, ko kunnen da ya gutsure.

Gawayin aka aika gwaji. Da amsa ta zo, Malamar da kanta ta zo gida, ta zauna a tabarma kusa da Inna.

"Wutar da aka hura a wurin ta kai shekara ɗari takwas, tana iya kaiwa dubu. Amma ka gane, Baba, shekarun wurin kwanciyarsa ke nan. Shi kansa zai iya girme wa wurin, in an daɗe ana riƙe da shi kafin ya faɗi a nan."

"Kamar yadda ya daɗe a wurinmu."

"Kamar haka. Kuma ba a nan aka gina shi ba. Tukwanen da muka samu yumɓunsu daban, babu ƙyallin nan a ciki. Ɗauko shi aka yi daga wani wuri."

Baba Zurfi ya ce ya taɓa haɗuwa da ƙasa mai irin wannan ƙyalli, sau ɗaya, a gindin wasu duwatsu a hayin kogi, har Yaya ya ɗauka zinariya ce ya cika aljihu. Malamar ta rubuta. Ta ce ta san wurare uku masu irin ƙasar, nasa ya zama na huɗu, kuma ba za ta ce ga ɗaya ba sai ta gwada duka, abin da zai iya ɗaukar shekaru.

"To wa ya gina shi? Me ya sa ya yi tagumi?"

"Wannan ban sani ba. Ba na jin zan taɓa sani."

Amsar ta yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Ya sha haƙa wuri ya ce wa mai gida ruwa na nan, ya kuma sha cewa ban sani ba, sai mun gani. Ya san wanda ke iya faɗin na biyun shi ake yarda da na farkonsa. Da ta roƙa a bar Mai Tagumi a wurinsu, ya dubi Inna, Inna ta ce a kai shi ya huta, ya yi wa gidan nan aiki iya aiki.

Ranar da za a cike ramin, ya koma gidan mai ɗinki don ya ga an mayar da ƙasar yadda ya kamata, a daddanne ta, kar damina ta zo tsakar gidan ya lotsa. Ya tsaya a kansu har suka gama. Zai tafi ke nan matar ta tsayar da kekenta ta biyo shi.

"Baba, tun da Allah ya kawo ka, rijiyar nan ruwanta ya ja baya. Bara guga biyu sai ya fara zuwa da laka. An ce mini in cike ta in yi burtsatse."

Ya koma ya sa aka ɗage murfin. Ya ce a jawo masa guga ɗaya. Ya duba ruwan a rana, ya shaƙa, ya kurɓa ya wuce da shi, sannan ya murza lakar da ta kwanta a gindin gugan tsakanin yatsunsa.

"Wa ya ce ki cike ta?"

"Mai burtsatsen."

"Ai dole ya ce. Ba abin da ya same ta, 'yata, yasa take so. Yashi ne ya toshe idon. Akwai wani da na koya wa aiki, yanzu shi ma ya yi furfura, zan turo miki shi jibi. Ki ce masa kar ya taɓa bangon gabas, nan ruwan yake shigowa."

"Kai ba za ka zo ba?"

"Zan zo mana. Wa zai tsaya a kansa? Ki dai ajiye mini kujerar nan, kar ki mayar ɗaki."